Hirar Bakin Zaure: Likitan da Ya Ajiye Allura Ya Ɗauki Shebur

A wannan wata zan kai ku Afganistan, ƙasar Musulmi mai duwatsu, wadda ta sha yaƙi fiye da shekara 40. Labarin wani likita zan ba ku, don akwai abin da dattawa da 'yan kasuwa za su tsinta a ciki.

Sunansa Dakta Tetsu Nakamura, mutumin Japan ne. A 1984 ya sauka Peshawar ta ƙasar Pakistan yana yi wa kutare magani. Daga nan ya ƙetare iyaka, ya buɗe ƙananan asibitoci a ƙauyukan gabashin Afganistan. Ana nan sai a shekara ta 2000 aka yi wani mugun fari. Rijiyoyi suka ƙafe, gonaki suka bushe, yara suka shiga shan ruwan kududdufi, zawo yana ta kashe su. Likita ya duba ya ga in ya ba yaro magani yau, gobe ruwan nan dai zai koma ya sha. Watau tushen ciwon ƙishirwa ce da yunwa.

Sai ya tara mutanen ƙauye suka haƙa rijiyoyi wajen 1,600. Da ya ga ruwan ƙasa yana ƙara nisa, a 2003 ya soma haƙa hanyar ruwa daga Kogin Kunar, aka sa mata suna Marwarid, watau lu'ulu'u. Tsawonta ya kai kilomita 25, ta isa har hamadar Gamberi, aka gama a 2010. Da ita da sauran ayyukan ruwan da suka biyo baya, mutum wajen 600,000 suka sami abin noma. Inda dā ƙura ke tashi, sai ga alkama ta yi kore shar.

To, ku dubi yadda ya yi aikin, don nan ne gindin magana. Bai dogara da siminti ba. Keji ake saƙawa na waya, a cika da duwatsun bakin kogi, a jera a gefen ruwa, a dasa itatuwa a baya don saiwarsu ta riƙe ƙasa. Ma'aikata kuwa manoman wurin ne, ana biyansu ladan yini. In ambaliya ta fasa wani wuri, wanda ya gina da hannunsa ya san yadda zai gyara, ba sai an jira injiniya daga birni ba. Da mutane suka ce suna son masallaci da makaranta, ya gina musu, ko da yake shi ba Musulmi ba ne.

Ran 4 ga Disamba 2019 'yan bindiga suka harbe shi a Jalalabad, tare da 'yan ƙasar su biyar da ke tare da shi. Shugaban ƙasa na lokacin, Ashraf Ghani, da kafaɗarsa ya ɗauki akwatin gawarsa. Likita ya tafi, amma waɗanda ya koya wa aiki suka ci gaba, ruwa bai tsaya ba.

Ga kuma wani labarin. Wata ƙungiyar mutanen Suwidin, wadda aka kafa a 1980, ta yi shekaru tana riƙe da asibitoci da makarantu a ƙauyukan Afganistan, tana koyar da ungozomomi. Aiki ne na alheri ƙwarai. A 2023 wani ya ƙona Alkur'ani mai girma a Suwidin. Ƙungiyar ba ta da hannu a wannan ɓarna, amma gwamnatin Taliban ta ba da umarnin tsai da ayyukan mutanen Suwidin, a 2024 ƙungiyar ta dakata. A 2025 kuma Amurka ta yanke kuɗin taimako, ɗaruruwan ƙananan asibitoci suka rufe. Ga shi tun 2021 an hana yarinya wuce aji shida, a ƙarshen 2024 aka hana mata koyon aikin ungozoma. A ƙauyen da ba a yarda namiji ya duba mace ba, wa zai karɓi haihuwa nan da shekara goma? Allah Ya kawo musu sauƙi.

Ban faɗi haka don a raina mai taimako ba. Asibiti dole ne, makaranta dole ce. Amma abin da kuɗinsa da mabuɗinsa ke hannun baƙo, ran da baƙo ya tashi, da shi yake tafiya.

Mu ma nan zango baƙi sukan zo da alheri, wannan ya ce rijiyar burtsatse, wancan ya ce ajin makaranta. A gode musu. Amma kafin a yanka rago a ɗauki hoto, ina roƙon dattawa su yi tambaya uku. Wa za a koya wa gyara cikin samarinmu? A wace kasuwa ake sayen kayan gyaran? Nawa kowane gida zai riƙa zubawa a asusu kowane wata? 'Yan kasuwa sun san ciniki ba ya tafiya da uwar kuɗin wani har abada. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Allah Ya ba mu ikon riƙe abin da aka ba mu, amin. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalam.