Icce Tun Yana Ɗanye: A Bi Yaran Fagge da Sabon Gari Har Su Girma

Duk wanda ya ratsa Fagge ko Sabon Gari da misalin ƙarfe bakwai na safe zai ga yara ƙanana, wasu ma ba su cika shekara uku ba, an rataya musu jaka a baya za a kai su makarantar renon yara, wadda ake kira nazare. A cikin lungu kuma ga sa'o'insu riƙe da allo, ga wasu can an bar su gida wajen kaka, ko kuwa a gindin uwa a bakin shago. Kowane uba yana da hujjar zaɓinsa, amma in ka matsa masa, sai ka tarar hujjar ba ta wuce labarin ɗan wane da ya yi nazare ya zama likita, ko ɗan wane da bai yi ba shi ma ya zama likita. A ra'ayina lokaci ya yi da jami'o'inmu za su ɗauki yaran waɗannan unguwanni biyu, su auna su, su bi su shekara da shekaru, domin iyaye su san abin da suke biya wa kuɗi.

Dalilin damuwar mai nazarin halittu da wannan batu a fili yake. Ƙwaƙwalwar jariri ranar haihuwa ba ta wuce giram 350 zuwa 400 ba, watau kimanin rubu'in ta baligi, amma kafin ya cika shekara shida ta kai kashi 90 cikin ɗari na girmanta. Yawancin wannan girma na mahaɗai ne tsakanin ƙwayoyin jijiya, kuma mahaɗar da aka yi aiki da ita takan yi ƙarfi, wadda aka bari takan shuɗe. David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda suka sami lambar Nobel a 1981, sun rufe ido ɗaya na 'ya'yan kyanwa a watanninsu na farko. Da aka buɗe, idon lafiya lau, amma ƙwaƙwalwa ta daina karɓar saƙonsa. Da aka yi wa babbar kyanwa haka, ba abin da ya same ta. Sai dai a lura, wannan gwaji ya nuna illar hana abu ne gaba ɗaya. Bai ce ɗora wa ɗan shekara biyu rubutu daga 1 zuwa 100 zai ƙara masa basira ba, kamar yadda wasu masu makarantu ke so iyaye su ɗauka.

To, yaya za a gane amfanin makarantar kanta? Nan ne gizo ke saƙa. Manomin da ke son sanin ingancin taki ba zai zuba shi a fadama ya kwatanta da jigawar da bai zuba wa komai ba. Gona ɗaya zai raba biyu. Yaron da ubansa ke iya biyan kuɗin nazare galibi shi ne wanda ke cin ƙwai da kifi, aka yi masa rigakafi, uwarsa kuma ta yi karatu. In ya fi ɗan maƙwabta ƙoƙari a firamare, makarantar ce ko kuwa tukunyar gidansu? Tambayar tana da nauyi a nan, ganin cewa binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki.

Waɗanda suka raba gonar biyu sun ga abin mamaki. A garin Ypsilanti na Amurka, daga 1962 zuwa 1967, David Weikart da abokan aikinsa sun ɗauki 'ya'yan talakawa 123 masu shekara uku zuwa huɗu, aka sa 58 a makaranta ta sa'a biyu da rabi kowace safiya, tare da ziyarar malama gida duk mako, aka bar 65. Da farko makin gwajin basira na 'yan makarantar ya tashi, amma bayan 'yan shekaru a firamare bambancin ya ɓace. Da masu binciken sun tsaya nan, da sun ce aikin banza aka yi. Sai suka ci gaba da bibiya, kuma a shekara arba'in da haihuwa kashi 77 cikin ɗari na 'yan makarantar sun kammala sakandare, na ɗaya rukunin kuwa kashi 60. Waɗanda aka kama da laifi sau biyar ko fiye kashi 36 ne a rukunin farko, kashi 55 a na biyu. Ashe abin da ya ɗore ɗabi'a ce: natsuwa, haƙuri da aiki, da iya zama da mutane.

Binciken da ya fi kama da halinmu shi ne na Kingston a Jamaika, wanda Sally Grantham-McGregor ta fara a 1986 da tsumburarrun yara 129 masu wata 9 zuwa 24. Wasu an ba su ƙarin madara, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zuwa gidansu sa'a ɗaya duk mako har shekara biyu, tana koya wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Bayan shekara ashirin, waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na waɗanda ba a yi wa ba da kashi 25 cikin ɗari. Tasirin madarar kuwa bai ɗore ba. Babu allon bango a wannan aiki, babu yunifom, babu jarrabawa.

Makarantar allo ma an taɓa ɗora ta a ma'auni. A shekarun 1980 Daniel Wagner ya bi yara a Maroko, ya tarar waɗanda suka fara da makarantar Alƙur'ani sun fi sauran iya riƙe abubuwa a jere cikin ka, ko da yake fifikon bai bazu zuwa kowane irin tunani ba. Masu raina allo da masu cewa ya wadatar, duka suna da abin dubawa a nan.

Amma Kingston ba Kano ba ce, shi ya sa nake nuna Fagge da Sabon Gari. Fagge tsohon zangon fatake ne a wajen ganuwa. Sabon Gari kuwa an kafa shi wajen 1913, bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, domin baƙin da suka zo aiki da kasuwanci. Yau ƙaramar hukuma ɗaya ta haɗa su, rana ɗaya ke dukansu, sauro ɗaya ke cizonsu, amma hanyoyin renonsu sun sha bamban: nazare mai tsada da mai araha, ta coci da ta Islamiyya, ajin share fage na makarantun gwamnati wanda dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta buɗe wa ƙofa, makarantar allo, da zaman gida. Ga Hausa, ga Ibo, ga Yarbanci, ga buroka. Da wuya mai bincike ya sami irin wannan bambanci cikin tafiyar ƙafa ta rabin sa'a.

Ba za a hana ɗan kowa makaranta don gwaji ba, wannan ba mutunci ba ne. Abin yi shi ne a yi rajistar jarirai tun daga asibitin haihuwa da wajen ungozoma, da yardar iyayensu, a rubuta halin gidansu, sannan a riƙa auna tsawo da nauyi da jini da ji da gani, da yawan kalmomin yaro, da yadda yake jira ko warware ƙaramar matsala. Kuma tilas a gwada shi da harshen da yake mafarki da shi. In aka tambayi ɗan Fagge da Turanci ya yi shiru, Turancinsa aka auna, ba hankalinsa ba. Ziyarar gida irin ta Jamaika kuwa ana iya fara ta da ƙuri'a, layi bayan layi, tun da dai ba za a iya kai wa kowa a lokaci ɗaya ba.

Za a ce aikin yana da tsawo, kuma mutanen Sabon Gari suna yawan ƙaura. Gaskiya ne. Amma a Soweto da Johannasbag an yi rajistar jarirai fiye da 3,000 a 1990, aka bi su har suka haifi nasu, alhali can ma ana ƙaura, kuma a lokacin ba kowa ke da waya a aljihu ba. Jami'ar Bayero tana da masana ilmi da na halittu da na harsuna, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da likitocin yara, masu unguwanni da shugabannin ƙabilu na Sabon Gari kuma sun san gidan kowa. Abin da za a fara nema shi ne sashe ɗaya da zai ɗauki alhakin ajiye littafin rajistar, da alkawarin cewa duk shekara za a koma Fagge da Sabon Gari a karanta wa iyayen yaran abin da aka gano, da harshen da suke ji.