A RABA YARA ƘUNGIYA-ƘUNGIYA, A BAR KARATUN AKU

'Yan'uwa na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, a karanta wannan takarda a taron kowane reshe. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba.

Mu da ke riƙe da alli a lakwal muna da magana. Nasara ya sauka tun 1960, amma ya bar mana zamansa na aji: benci bayan benci, yara duk sun fuskanci allo, mushe ya faɗi, su amsa baki ɗaya kamar aku. Na gaba sun ji, na baya suna motsa baki. Wannan tsari ba don yaro ya iya magana aka yi shi ba. Taron Brazzaville na 1944 ya yanke cewa Faransanci kaɗai za a yi karatu da shi. A wancan zamani, yaron da ya yi harshen uwarsa sai a rataya mishi sambol a wuya. Wanda ke son yaro ya yi shiru, dole ya jera shi haka.

Ku yi lissafi da kanku. Aji mai yara 80, darasi na awa ɗaya: ko mushe bai ce uffan ba, rabon kowane yaro bai kai minti ɗaya ba. A raba su takwas-takwas, kowa ya samu fiye da minti bakwai. Harshe da baki ake koyonsa. Wa ya taɓa iya ciniki yana kallon kasuwa daga bakin hanya?

Kuma ba baƙon abu muke kawowa ba. Ku duba makarantar allo ta unguwarku. Kowane yaro da allonsa, kowa da inda ya tsaya, gardi yana biya ma ƙolo, malam yana kewayawa. Kakanninmu sun san wannan tun Nasara bai zo ba.

Ga yadda muke so a yi.

Na ɗaya: makon farko a kira yara ɗaya-ɗaya a gwada su. Wanda bai san baƙi ba, wanda ya san baƙi, wanda ke haɗa kalma, wanda ke karanta jimla. Ƙungiya huɗu ke nan. Wadda ta yi yawa a sake raba ta, kada zama ɗaya ya wuce yara takwas.

Na biyu: da abin da yaro ya iya za a raba, ba da shekaru ba, ba da girman uba ba. Ɗan sarki da ɗan maƙeri tabarma ɗaya. 'Yan mata kada a tura su baya.

Na uku: su zauna da'ira, suna ganin bakin juna. Mushe ya fara da na ƙasa, ya fi daɗewa wurinsu, sauran kuma babban yaro ya riƙe su da aikin da aka ba su.

Na huɗu: a fara da harshen da yaro ya zo da shi, Faransanci ya biyo. Ɗan Fulani, Buzu, Barebari ko Zabarma a zaunar da shi kusa da mai jin harsuna biyu.

Na biyar: kowane wata a sake gwaji, wanda ya ci gaba ya tashi. Kada a sa ma wata ƙungiya sunan jakai. Sambol ne ya dawo ta taga.

Za su ce hayaniya za ta yi yawa. To, ajin harshe maƙabarta ne? Za su ce babu kuɗi. Tabarma da inuwar rumfa nawa suke? Za su ce harshenmu ba na boko ba ne. Tun 1966 aka daidaita rubutun Hausa a taron Bamako. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta sa harsunan ƙasa cikin harsunan koyarwa, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Doka ta isa. Amma doka takarda ce, ba ta juya benci.

Saboda haka kowane reshe ya tura mutum biyu lakwal ɗin garinsu. Su gai da direkta da ladabi, su nemi iznin shiga aji na fari. Su ɗauki yaro na bencin baya, su ba shi layi ɗaya ya karanta. In ya kasa, kada a zagi mushe, shi kaɗai ne da yara cike da ɗaki. A tara kwamitin iyaye, ranar kasuwa a sayi tabarmi da alluna, a nemi samarin da suka gama lakwal su taimaka da maraice. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya yi shekara shida a baya yana motsa baki, gobe shi ne zai dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke ciki ba.

A juya benci! A ba ɗiyan talakawa baki!