A Kan Sunan da Nick Gulas Ya Bari a Kokawar Tennessee

Zuwa ga Edita,

Masu rubuta tarihin kokawar nishaɗi ta Amurka, wato irin wadda ake tsara wanda zai yi nasara tun kafin a shiga fage, sun saba ambaton mai shirya wasa Nick Gulas, wanda ya rasu a 1991, da rowa da son kai, kuma wannan wasiƙa tana ganin hukuncin yana da tushe amma bai cika ba.

Gulas da abokin kasuwancinsa Roy Welch sun riƙe yankin Tennessee da kewaye a ƙarƙashin ƙungiyar NWA, wadda aka kafa a 1948 domin kowane mai shirya wasa ya mallaki yankinsa ba tare da wani ya kutsa masa ba, lamarin da ya bar ɗan kokawa da zaɓi biyu: ya karɓi ɗan abin da aka miƙa masa ko ya tattara ya bar yankin. Ƙarancin ladan da ake zargin Gulas da shi ya samo asali daga wannan tsari, ko da yake an fi jin wannan koke a kan Gulas.

Abin da ya karya shi kuwa nacewarsa ce a kan ɗaukaka ɗansa George a fagen kokawa, wanda 'yan kallo ba su karɓa ba, har abokin aikinsa Jerry Jarrett ya ɓalle a 1977 tare da ɗan kokawa Jerry Lawler, suka tafi da kasuwar Memphis. Duk da haka, a fagensa na Nashville ne ɗan kokawa Bobby Eaton ya fara yin suna, kuma Randy Savage ya goge a can kafin duniya ta san shi.

Wani mai karatu, Zariya