SAI BANGO YA TSAGE ƘADANGARE KE SAMUN WURIN SHIGA

Hoton da aka ɗauka da wayar hannu yana tafe da wani ɓoyayyen rubutu mai suna EXIF, wanda ke faɗin irin wayar, da ranar ɗauka, wani lokaci har da wurin da mai ɗaukar yake tsaye. Shi ya sa wasu shafukan intanet kan miƙa duk hoton da aka ɗora musu ga wata manhaja don ta kankare wannan rubutu. To amma ita manhajar fa, wa ke gadinta?

A watan Afrilun 2021 wani mai bincike, William Bowling, ya gano ɓaraka a ExifTool, manhajar da Phil Harvey ya fitar tun 2003. Mugu kan shirya fayil irin na DjVu, ya cusa umarninsa a ciki, ya laƙaba masa sunan hoto. Manhajar na buɗewa, maimakon ta karanta kawai, sai ta zartar da umarnin. Ga shi kuwa da ita GitLab, ma'ajiyar aikin masu rubuta manhaja, yake wanke hotuna. Wato mai gadin ne ya zama ƙofar ɓarawo!

Ranar 14 ga Afrilun GitLab ya fitar da gyara. Amma a farkon Nuwamban shekarar kamfanin Rapid7 ya ƙiyasta cewa cikin kwamfutoci kusan 60,000 masu ɗauke da GitLab a intanet, kimanin rabi ba a sa musu gyaran ba. Ɓarayi suka mamaye dubbai, suka mai da su rundunar kai wa wasu hari.

Lallai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuskure a manhaja ajizanci ne na ɗan Adam, amma magani ya fito wata shida mutum bai sha ba, wannan sakaci ne tsantsa, kuma cin amanar waɗanda suka ba shi ajiya.

Kada matasa su ce abin na kamfanoni ne. A 2021 ɗin aka gano Pegasus yana kutsawa cikin iPhone ta fayil mai kama da hoto, ba tare da mai wayar ya taɓa komai ba.

Don haka wajibi ne 'yan uwa su riƙa sabunta wayoyinsu da zarar gyara ya fito, su kashe alamar wuri a kyamara. Wanda kuma aka damƙa wa kwamfutar jama'a, to ya sani amana ce a wuyansa, ba ado ba.