Daga Allon Malam: Giyar Da Ta Yi Shigar Lemo

A wannan wata darasinmu ya shafi wani abin sha da ya samo asali daga Turai da Amurka. Dalilin kawo shi kuwa shi ne 'ya'yanmu suna zuwa can karatu, 'yan kasuwarmu kuma suna shigo da kaya daga can.

Wata irin giya ce da ƙananan masana'antu suke yi, wadda suka soma yayi a Amurka bayan shekara ta 2010. Idan aka tsiyaya ta a tambulan, launinta rawaya ne kamar mangwaro ko ja kamar zoɓo, wani lokaci har da kauri kamar kunun gyaɗa. Ƙamshinta na abarba ne ko gwaiba ko banila. Masu ɗanɗana ta sukan ce tsami ne yake fara taɓa harshe, irin na tsamiya, sa'an nan zaƙi ya biyo baya kamar na askirim ko kek. Ɗacin nan da aka san giya da shi kusan babu shi. Gwangwaninta kuwa zanen 'ya'yan itatuwa ne da launuka masu ɗaukar ido. Amma duk da haka giya ce, yawanci barasar da ke cikinta daga kashi 4 zuwa 8 cikin 100 take.

To, yaya aka yi giya ta yi tsami kuma ta yi zaƙi? Sai mu koma aji. Akwai ƙananan halittu iri biyu da ido ba ya gani, dukansu sukari suke ci. Na farko wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke mai da sukari ya zama tsami. Su ne ke sa madara ta zama nono, su ne kuma ke sa gasarar koko ta yi tsami. Masanin kimiyyar nan na Faransa, Louis Pasteur, ya yi bayanin aikinsu a 1857. Na biyu shi ne yisti, wanda ke mai da sukari ya zama barasa da iska mai kumfa. Giya mai tsami ita ce wadda aka bar duka biyun suka yi aiki a cikinta.

Wannan ba sabon abu ba ne. A ƙasar Beljiyam, kusa da birnin Burasel, akwai wata tsohuwar giya mai suna lambic. Sukan dafa ruwan sha'ir da alkama, su zuba shi a wani faffaɗan kasko a buɗe ya kwana, ƙwayoyin da ke cikin iska su shiga da kansu, sa'an nan a ajiye shi cikin gangunan katako shekara 1 zuwa 3. Idan aka jiƙa 'ya'yan ceri masu tsami a ciki sai a kira ta kriek. A Jamus ma birnin Barlin yana da tasa mai tsami, wadda akan ɗiga wa ruwan zaƙi na 'ya'yan itace kafin a sha. Ko a nan yankinmu, burukutu da pito na arewacin Gana da bilbil na arewacin Kamaru duka ta wannan hanya biyu ake yin su daga dawa: tsami tukuna, sa'an nan yisti.

Abin da 'yan zamani suka ƙaro shi ne sauri da zaƙi. Maimakon jiran shekaru, sai su zuba ƙwayoyin tsami cikin tukunya da ɗumi, cikin kwana 1 ko 2 ruwan ya yi tsami, su tafasa shi, su sa yisti. Daga baya su tuttula markaɗaɗɗen mangwaro ko abarba, su ƙara banila da sukarin madara. Shi sukarin madara yistin giya ba ya iya cinsa, saboda haka zaƙinsa yana nan daram har bakin mai sha. Sukarin 'ya'yan itacen kuwa yisti yana cinsa, shi ya sa idan ba a tace ko an dafa ba, gwangwanin da ya zauna cikin zafi yakan kumbura har ya fashe.

Yanzu ga lissafi. Gwangwani mai santilita 33 da aka rubuta masa kashi 6 cikin 100 yana ɗauke da tsantsar barasa kusan santilita 2. Wannan daidai yake da abin da ke cikin santilita 5 na wiski mai kashi 40. Bambancin kawai shi ne wiski yana ƙona maƙogwaro ya yi gargaɗi, wannan kuwa shiru yake wucewa. Yaron da zai tofar da giya mai ɗaci tun a kurɓin farko, zai iya shanye gwangwani biyu na wannan yana lasar baki. Zuma ke nan, ga zaƙi ga harbi.

Su kansu ƙasashen Turai sun taɓa kokawa da irin wannan. Wajen 1995 lemo mai barasa ya cika kantunan Ingila, iyaye da malamai suka yi ta kuka cewa yara aka nufa da shi. A 2004 Jamus ta ɗora wa irin waɗannan abubuwan sha haraji na musamman don ta nesanta su daga matasa, Ostareliya ma ta ƙara nata harajin a 2008.

Matsayin abin maye a addininmu sananne ne, ba sai na maimaita ba. Maƙwabtanmu da suke sha kuwa, su ma ba wanda yake so ɗansa na firamare ya sha da sunan lemo. Saboda haka maganar ta shafe mu duka. Tun muna yara mun saba harshe da hanci ne alƙalanmu: uwa takan sansana kunun da ya kwana ta ce a zubar, ya fara juyawa. To, a kan wannan gwangwani alƙalan nan biyu ba su da shaida. Ido ne kaɗai zai yi aiki, shi ma sai ya iya karatu.

Ga abin da za a duba. A nemi lamba tare da alamar % da kalmar vol ko alc, galibi da ƙananan haruffa a gefe ko a ƙasa. A lura da kalmomin beer, ale, bière, sour, gose da kriek, domin duk sunayen giya ne, ko da hoton mangwaro ya rufe gaban gwangwanin. Ko rubutun sans alcool ma kada a saki jiki da shi gaba ɗaya, domin dokar Faransa ta yarda a rubuta haka a kan giyar da ba ta wuce kashi 1.2 ba. Mai son ya tabbata sai ya nemi 0.0%.

Ina kira ga 'yan'uwana malamai, mu riƙa shigo da gwangwanayen da aka yar cikin aji, yara su koyi karanta su a darasin lissafi da na kimiyya. Masu kantuna kuma don Allah ku raba wurin ajiye lemo da na giya, kada ku sayar wa yaro abin da ba ku karanta ba. Iyaye, tsarabar da aka kawo daga waje a duba ta kafin a miƙa wa yara. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Allah ya shirya mana zuriyarmu. Sai mun sadu a wata mai zuwa.