FILIN NOMA DA KIWO: Zakaran Iri Ba Na Kasuwa Ba Ne

Duk wanda ya bi ta Gidan Waya, a Ƙaramar Hukumar Jama'a ta Jihar Kaduna, cikin watan Disamba, zai tarar da kaji jibge a bakin hanya da kasuwannin ƙauye, daga nan har Kafanchan. Lokaci ne na Kirsimeti da Sabuwar Shekara, kuma zakara yana tsada. To, a nan ne wata hasara take aukuwa wadda ba kowa yake lura da ita ba. Magidanci yakan kama zakaran da ya fi girma da lafiya ya sayar, ya bar ƙanƙane ko mai rauni cikin kaji. Shekara ta zagayo ya sake yin haka. Sannu a hankali sai irin gidan ya tsumbure, a ce wai kajin Hausa ba su da auki.

Alhali kuwa kajin nan dukiya ce da aka gada. Akwai fingi mai birkitaccen gashi, da durgu mai gajerun ƙafafu, da mai wuya ba gashi wadda ta fi jure zafi, da kuma kajin Fulani masu tsawo da nauyi. Ba su yin ƙwai da yawa, gama kaza ɗaya takan yi kamar 40 zuwa 60 a shekara. Amma suna neman abincinsu da kansu, suna gudun shirwa, suna kwanci su yi renon 'ya'yansu. Kajin turawa masu yawan ƙwai kuwa akasarinsu sun bar kwanci, sai da na'ura. Ko Shika Brown, wadda Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta samar, an yi ta ne don ƙwai. Wanda ya bar zakaran turawa ya gauraye da kajinsa barkatai, wata rana zai nemi mai kwanci ya rasa.

Saboda haka matakin farko shi ne zaɓe. A ware zakara mafi kyau tun kafin biki, a ba shi kaji kamar goma. Bayan shekara ɗaya ko biyu a musanya shi da na wani ƙauye, don kada ya riƙa hawan 'ya'yansa iri ya raunana. Uwar da ta iya kwanci, ta kuma raya 'yan tsakinta, ita ma ba ta tukunya ba ce.

Sai batun ƙwai. A zaɓi matsakaici mai tsabta, marar tsaga, wanda bai wuce kwana bakwai ba. Kada a wanke shi, domin ruwa yana cire abin da ke kare ɓawon daga ƙwayoyin cuta. A ajiye shi a inuwa mai sanyi, tsinin yana ƙasa. Ƙwai 10 zuwa 12 sun ishi kaza ɗaya. In an ƙara, na gefe zai yi sanyi. Yankin Jama'a yana da ruwan sama da laima fiye da Kano ko Katsina, don haka lalle ne gurbin ya zama busasshe, a ɗaga shi daga ƙasa, a barbaɗa toka saboda ƙwarƙwatar kaji. A sa ruwa da tsaki kusa da uwar. A kwana na bakwai zuwa na goma a haska ƙwan da tocila cikin duhu. Mai rai zai nuna jijiyoyin jini, wanda ya fito fayau kuwa a cire shi kafin ya zama baragurbi. A kwana na 21 ake ƙyanƙyasa. In ƙwan zabi aka sa mata, sai kwana 26 zuwa 28.

Aiki bai ƙare a nan ba, gama yawancin hasara bayan ƙyanƙyasa take zuwa. A tsare 'yan tsaki da uwarsu a akurki ko ƙarƙashin babban kwando makonnin farko, a ba su tsaki da dusa da gara, kada a sake su cikin raɓar safiya. Babbar abokiyar gaba kuwa ita ce fakat, cutar da takan share kajin gari lokacin hunturu, watau daidai sa'ad da kaji suke yawo tsakanin kasuwanni. Ba ta da magani, amma tana da rigakafi, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, tana yin sa. A nemi malamin dabbobi tun kafin sanyi ya shigo. Kazar da aka sayo, ko wadda ta dawo daga kasuwa ba a saya ba, a keɓe ta mako biyu kafin ta shiga cikin 'yan'uwanta.

Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Wannan magana ce ta mai jin yunwa. Mai kiwo kuwa, in ya cinye ƙwan iri ya sayar da zakaran iri, to badi sai ya je kasuwa ya sayi abin da kakanninsa suka bar masa kyauta.