Cin Zarafin Mata: Lokacin da "Ki Yi Haƙuri" Ke Zama Garkuwar Azzalumi

Kowace shekara, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, ana gudanar da gangamin kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata a faɗin duniya. A ƙasar Hausa, mafi yawan gangamin kan ƙare ne a ɗakunan taro na manyan birane, alhali matar da ake magana a kanta tana can cikin lungu ba ta ma san ana yi ba. Wasu daga cikin malamanmu kuma kan ɗauki batun a matsayin kayan aro daga Turai, sai su naɗe hannu.

Sai dai matsalar a cikin gidajenmu take. Binciken ƙasa kan lafiya da yawan jama'a na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 31 cikin ɗari na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 sun taɓa fuskantar duka ko wata cutarwa ta jiki, kuma fiye da rabin waɗanda aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba. Wannan shiru shi ne tushen cutar, kuma mun san yadda ake ƙulla shi. Mace za ta yi yaji da kumburarriyar fuska, kafin magariba mahaifinta ya mayar da ita ɗakinta da kalmar "ki yi haƙuri, aure ibada ne", ba tare da an kira mijin an tambaye shi ba. Idan fyaɗe ne, sai a ce a rufa asiri don kada yarinya ta rasa mijin aure. Ta haka mai laifi ke koyon cewa babu abin da zai biyo baya.

Haƙuri ɗabi'a ce mai girma, amma shari'a ba ta taɓa mayar da shi madadin adalci ba. Suratul Mujadala ta sauka ne saboda koken Khaula bint Sa'alaba a kan mijinta, kuma Allah da kansa Ya shaida cewa Ya ji ta. Aya ta 19 ta Suratun Nisa'i ta wajabta kyautata zama da mata, aya ta 35 kuma ta umurci a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, idan aka ji tsoron ɓaraka. Imam Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu na shari'a ke bi, alƙali na da ikon raba aure idan cutarwa ta tabbata, kamar yadda yake a Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam.

Masu fakewa da aya ta 34 ta Suratun Nisa'i ya kamata su koma ga abin da malaman tafsiri suka faɗa. Sun gindaya sharuɗɗa masu tsanani, sun haramta taɓa fuska da duk abin da zai bar rauni, sun kuma bayyana cewa barin dukan shi ne mafi falala. Babu malamin kirki da ya halatta mari, ko naushi, ko karya ƙashi.

Ta fuskar doka ma an yi yunƙuri. A 2015 aka sanya hannu kan dokar VAPP mai haramta cin zarafin mutane, kuma jihohi da dama sun karɓe ta. A watan Yunin 2020 gwamnonin Nijeriya suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, a watan Satumba kuma Jihar Kaduna ta tsananta hukuncin masu aikata shi. Amma doka ba ta aiki sai an kai ƙara, ƙara kuma ba ta tsayawa sai da shaida. A nan ne nauyi ya dawo kan al'umma.

Muna da abin koyi a tarihinmu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, tana tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata addininsu a cikin harshensu. Irin wannan hanya ce ya dace ƙungiyoyi kamar FOMWAN da makarantun Islamiyya na matan aure su bi, su koyar da haƙƙoƙin aure kamar yadda suke koyar da tsarki da salla.

Limamai su ware huɗuba a kan zaluncin cikin gida, su fuskanci maza da ita kai tsaye. Kowane masallacin Juma'a ya kafa kwamitin sulhu da mata a cikinsa, wanda ya san iyakarsa: saɓani a sasanta shi, rauni da fyaɗe a miƙa su ga hukuma. Iyaye su sani cewa maganin kariya daga cutar ƙanjamau bayan fyaɗe yana amfani ne idan an fara shi cikin awa 72, saboda haka asibiti za a fara zuwa, ko cibiyoyi irin su Waraka a Kano da Salama a Kaduna. Maƙwabcin da ke jin kuka ta bayan katanga kuwa ya ƙwanƙwasa ƙofa, ko ya sanar da mai unguwa ko Hisba.

Uban da 'yarsa ta zo masa da rauni, kafin ya ce ta yi haƙuri, ya fara tambayar wanda ya ji mata, ya kuma tabbatar ba za a sake ba. Amana ce da za a tambaye shi a kanta ranar gobe ƙiyama. Allah Ya ba mu ikon tsayawa a kan adalci.